Fatima me? Rigimar suna na biyu da muke jefa 'ya'yanmu mata a ciki

Yanzu in aka yi haihuwa aka ce mace ce, tun kafin maijego ta fara shan kunun kanwa an fara tambaya a guruf ɗin dangi, wai wane suna ne zai hau da Fatima, me za a haɗa wa Maryam ya yi daɗin faɗa. Kowa ta kawo nata, wannan ta ce Ilham, waccan ta ce Nihal, wata ta turo dogon jerin sunaye daga intanet kowanne da ma'anarsa a gefe, kuma abin dariya rabinsu wai ma'anarsu "kyautar Allah" ko "furen aljanna". Ni fa ban ƙi suna na biyu ba, ina ma goyon bayansa sosai. Abin da yake ba ni takaici shi ne yadda muke zaɓensa kamar muna zaɓen kalar ankon suna, sannan mu ƙi rubuta shi a ko'ina. Ni malamar sakandare ce, kuma a gaban teburina ake zuwa a yi kukan abin lokacin da yarinya ta kai aji shida.

Da farko dai masu cewa haɗa suna biyu bidi'ar 'yan boko ce su yi haƙuri, ba haka ba ne. Tun kakannin kakanninmu akwai sunayen da suke tafiya bibbiyu. Fatima Zahra'u, A'isha Humaira, Khadijatul Kubra da muka mayar Kubura, Halimatu Sadiya, Rabi'atul Adawiyya, Mariyatul Kibɗiyya. Waɗannan ba don daɗin baki aka jera su ba, laƙabin mai asalin sunan ne ya biyo sunan. Sadiya daga ƙabilar Banu Sa'ad ne, dangin Halima da ta shayar da Annabi (SAW), Adawiyya dangin baiwar Allah nan ta Basra ne, Kibɗiyya kuma don Mariya daga Kibɗawan Masar ta fito. Har Sadiya ta ɓalle ta zama suna mai zaman kansa, ga Sadiya Umar Farouq nan an yi minista da shi. Bahaushe kuma ya ƙara nasa a kai, Hauwa Kulu, Hauwa Jidda, Zainabu Abu, A'i Indo, Fatima Binta. In ka ji an kira Maijidda a gida ba sai an gaya maka sunan yankanta ba, ka riga ka sani. To kun ga suna na biyu namu ne tun asali, fom ɗin gwamnati ne kawai ya zo daga baya ya yi masa akwati.

Sai kuma alkunya, wadda ita ce ainihin tushen abin da ake yi yau ko da masu yin ba su lura ba. Uba ne yake huɗuba, kuma galibi in 'yar fari ce ko ta biyu sunan mahaifiyarsa zai mayar, in ya yi kara ya mayar da na surukarsa. To matar gida ta yaya za ta buɗe baki ta ƙwala kiran sunan uwar mijinta a tsakar gida, ta ce ke Hadiza zo nan don gidanku? Ba zai yiwu ba. Shi ya sa aka samu Ummi da Mami da Uwani da Inna da Hajiya ƙarama da Mai sunan Mama. Abin da ya canza kawai shi ne iyaye mata na yanzu sun gaji da Ummi, kowane gida Ummi uku, sai suka koma Walida, Amira, Ihsan, Afnan, Hanan, Yusra. Kuma ni gaskiya ina ganin wannan haƙƙinsu ne. Mace ta ɗauki ciki wata tara, ta sha naƙuda, wata har da tiyata, sannan a ce ba ta da ta cewa a sunan ko kaɗan, sai dai ta ji sanƙira ya faɗa da safe daga ƙofar gida? Suna na biyu shi ne rabon uwa. Matsalar ita ce rabon nan a baki kawai yake tsayawa, ana buga shi a jikin kek da kofunan rabo da kalandar suna, amma takardar haihuwa ba ta san da shi ba.

Bari in ba ku yadda abin yake tafiya, don na ga irinsa har na gaji. An raɗa wa yarinya Khadija, ana kiranta Walida. Ta kai shekara uku, baba yana kasuwa, sai aka tura yayarta ko ƙanwar mamanta ta kai ta nazire, malama ta ɗaga biro ta ce ya sunanta, aka ce Walida Sani, shikenan ya shiga rajista. A Islamiyya kuma malam ya ce a ba shi sunan yanka, aka ce Khadija, shi kuma ya rubuta Hadiza Muhammad don uban Muhammad Sani ne. Ranar da aka je yin NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, baban ne ya kai su da kansa, ya ce Khadijat Muhammad Sani, yaron da ke kan kwamfuta ya ƙara t ɗin nan ta ƙarshe ba wanda ya ce masa kanzil. Yarinya ɗaya suna uku, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ba za a gane an yi ɓarna ba sai ta zo aji shida, ranar da muka ce kowa ya kawo silif ɗin NIN. Akwai wata da ta tsaya a gabana da silif a hannu tana juya shi, ta ce Malama wallahi ni ce, ga hotona ma, na ce na san ke ce 'yata, kwamfutar ce ba ta sani ba. Babanta ya zo washegari da hularsa a hannu yana ta mamaki, yana cewa to ai duk sunanta ne Malama, wanne ne ba nata ba a ciki? Kuma gaskiyarsa ne, sai dai gaskiyar ba ta hana shi yin sati yana zirga-zirga tsakanin kotu da kafe ba.

Da can ana tsallake irin wannan, hedimasta ya rubuta wasiƙa ya buga hatimi an wuce wurin. Yanzu ƙofar ta rufe. BVN na banki ya shigo a 2014, a ƙarshen 2020 aka ce kowane layin waya sai an haɗa shi da NIN, daga 2021 kuma JAMB ta ce ba rajista sai da NIN, yaro zai tura lambarsa ta tes zuwa 55019 ko 66019 a ba shi kod, kuma sunan da ke wajen NIMC, hukumar da ke ba da NIN, shi zai faɗo, ba wanda za a tambaye shi. In wannan sunan ya saɓa da na sakamakon WAEC ko NECO, rigimar za ta bi yarinya zuwa tantancewar jami'a, ta bi ta bautar ƙasa, ta bi ta banki, ta bi ta ofishin fasfo ranar da Allah Ya kira ta Umara. Gyaran kuwa ba kyauta ba ne, sai an yi rantsuwa a kotu, a buga canjin suna a jarida, a biya kuɗin gyara, a jira. Mai hali zai biya yana tsaki. Talaka kuwa sau da yawa cewa yake a bari sai baɗi, kuma mun san abin da "sai baɗi" yake nufi ga karatun 'ya mace a gidaje da yawa, kafin baɗin an kawo kuɗin gaisuwa.

Don haka matsayina mai sauƙi ne. Sunan da za a riƙa kiran yarinya da shi, shi ne ya cancanci zama a akwatin tsakiya, kuma a yanke shi tun kafin ranar suna, miji da mata su zauna su biyu su gama magana, ba sai an watse taro ƙawaye su laƙaba wani ba. A cikin satin sunan a je wajen ma'aikatan Hukumar Ƙidaya, suna zama a asibitoci da sakatariyar ƙaramar hukuma, a karɓi takardar haihuwa da Khadija Walida Sani, harafi da harafi, kuma duk wanda zai kai ta makaranta ya tafi da fotokwafi a hannu. Tun ran gini tun ran zane. In kuma an san Fatima za a kira ta da shi har abada, to a bar akwatin tsakiyar nan haka nan, ba farilla ba ne, babu wanda aka taɓa kora daga jarrabawa don ba shi da suna na tsakiya.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙarfi. Za su ce akwati uku ne a fom, mu kuma tsarinmu sunanka, na ubanka, na kakanka ko garinku, irin su Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa da makaranta ta laƙaba musu sunan gari. In aka sa Walida a tsakiya ina za a kai kaka? Wasu gidajen ma sunan kakan shi ne martabar gidan, ba za su yarda ya faɗi ba. Na yarda. Irin wannan gida su zaɓa, amma su zaɓa da ido buɗe, in sun ba kaka akwatin to su sani alkunyar ta zama ta tsakar gida kawai, kada ta kuskura ta taka ƙofar makaranta, a gaya wa yarinyar tun tana ƙarama cewa in malama ta tambaya ke Khadija ce. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ci biyu, a gida da makaranta Walida, a takarda Khadija, ana fatan Allah zai daidaita. Sannan duk abin da aka zaɓa ya zama akwatin ƙarshe iri ɗaya ne ga duk 'ya'yan gidan, ba babba Sani ba, mai bi mata Muhammad, auta kuma Bichi, uwa ɗaya uba ɗaya amma a takarda kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

To wane suna za a sa? Nan ne nake rabuwa da ƙawayena da yawa. Su abin da suke nema ya yi kari, Hanan da Afnan, Amira da Samira, ko ya zama ba kowa ke da shi ba a unguwa. Ni kuma tambayata ɗaya ce, wannan sunan zai tsufa da ita? Jaririyar nan da ake ɗauka a hoto da ribom a ka wata rana za ta zama shugabar ma'aikata, ko surukar wani, ko tsohuwa mai jikoki ana cewa a je a gaida Hajiya wance. Mimi da Pretty da Baby suna da daɗi a shekara biyu, a shekara sittin fa? Sunan da aka ɗauko daga jarumar fim ɗin Indiya ko na Turkiyya da ake yayi bana, nan da shekara biyar an manta fim ɗin, ita kuma tana nan da shi.

Ma'ana kuma ba a wajen intanet ake tambayarta ba. Shafukan nan kwafar juna suke, kuma ba za su taɓa ce maka suna ba shi da ma'ana ba don so suke ka dawo. A samu malamin da ya san Larabci da gaske a tambaye shi, minti biyu ne. Kuma dan Allah a daina cewa "ai a Alƙur'ani yake" kamar an gama hujja. Afnan yana cikin Suratur Rahman, rassan itatuwa ne, ba laifi. Tasnim da Salsabil maɓuɓɓugai ne na aljanna, madalla. Amma Zaƙƙum ma ai a Alƙur'ani yake, haka Fir'auna. Ko Asma'u Husna da muka saba da shi, asalinsa jin Asma'ul Husna ne ya sa kunne ya haɗa su, alhali waccan magana ce a kan kyawawan sunayen Allah, ita kuwa Asma'u da ake yi wa takwara 'yar Sayyidina Abubakar ce. Husna shi kaɗai suna ne mai kyau, ban ce a canza wa kowa ba, ina nuna yadda kunne yake riga tunani ne. Annabi (SAW) da kansa ya canza sunayen mata saboda ma'ana, Zainab da Juwairiyya duk Barra ake ce musu da, ya canza, na Zainab don kada ya zama mutum yana yabon kansa da tsarki, kuma ya mayar da sunan wata 'yar Sayyidina Umar Jamila daga sunan da ke nufin mai saɓo. In ma'ana ba komai ba ce da bai damu ba. Hausawa ma sun ce suna linzami.

Abin da ya fi ci min rai shi ne duk wannan neman da ake har Turkiyya da Pakistan, ba mai waiwayar namu. Ka ce wa amaryar yanzu ta sa wa 'yarta Fatima Lami ko A'isha Talatu ko Zainab Azumi, kallon da za ta yi maka sai ka raina kanka, wai ƙauyanci. Alhali Yarbawa Musulmi ba su taɓa jin kunyar haɗa sunan Larabci da nasu na gida ba, za ka ga Aishat a gaba Omolara a tsakiya kuma da shi ake kiranta, Inyamurai ma haka suke da sunan coci da na gida. Mu ne kawai muka yanke cewa harshenmu bai isa shiga satifiket ba. Kuma sunayen nan namu labari suke bayarwa. Jummai ranar Juma'a ta zo, Asabe Asabar, Balaraba Laraba, Tasalla da salla, Marka tsakiyar damina, Kande ko Delu macen da ta biyo bayan maza, Auta ta rufe ƙofa. Wanne Nihal zai gaya maka game da ranar da aka haife ta?

Ku dubi Hajiya Gambo Sawaba. Sunan yankanta Hajaratu, Gambo kuwa don ta biyo bayan tagwaye ne, kuma da wannan sunan na gargajiya ta yi gwagwarmayar jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri, da shi aka sa wa babban asibiti suna a Zariya, ba wanda ya ce ƙauyanci ne. Ku juya naira ashirin ku ga Ladi Kwali tana ginin tukunya, sunan ranar Lahadi ne a kan kuɗin ƙasa. Ban ce dole kowa ya koma Ladi da Lami ba, wanda yake son Ihsan ya sa abinsa, suna ne mai kyau. Amma a ce cikin jerin sunaye ɗari da ake turowa babu na Hausa ko ɗaya, wannan kam akwai abin dubawa. Kuma iyaye suna da damar kauce wa al'ada in suna da dalili, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka haifa a 1793 'yan biyu ne ita da Hassan, bisa al'ada da sunan tagwaye za ta tashi, mahaifinta ya zaɓa mata Asma'u. Bambancin shi ne shi ya san wadda yake yi wa takwara.

Sai tsawo. Wasu don kada a ɓata wa kowa rai sai su jera, na kakar uba, na kakar uwa, na wadda mama take so, Fatimatuzzahra'u Ummulkhairi da sauransu kafin a zo kan Abdurrahman. Layin nan na ƙasan fasfo da na'ura take karantawa gurbi 39 kawai yake da shi na suna gaba ɗaya, abin da ya wuce haka yankewa ake. Yarinya 'yar aji ɗaya kuma tana fama da rubuta sunanta har an karɓe takarda. Biyu sun isa. Rubutun ma a tsaya a kan ɗaya, Aisha ko A'isha ko Aishatu ko Aishat, duk ɗaya ne a kunne amma huɗu ne a kwamfuta, kuma 'yar waƙafin saman nan ta Asma'u da Hauwa'u wasu fom ɗin ba sa karɓarta, wani ya cire wani ya bar fili. Masu dangi a Maraɗi ko Damagaram sun fi kowa sanin wannan, can Aïchatou da Ramatou ake rubutawa irin na Faransanci, yarinya ta tsallako karatu Katsina ta zama Aishatu da Rahmatu.

Akwai kuma wanda mata suke jawo wa kansu da girmansu. An sha wahala an daidaita takardu tun daga firamare har digiri, sai a yi aure, wata uku a ga sanarwa a jarida, wai daga yau ni matar wane ce, a tura sunan uba tsakiya, suna na biyun da uwa ta zaɓa a jefar da shi don ba wuri. Wannan ba al'adarmu ba ce kuma ba addininmu ba ne, aya ta 5 a Suratul Ahzab cewa ta yi a kira su da sunan ubanninsu, kuma matan Annabi (SAW) ba wadda ta bar sunan mahaifinta, A'isha bintu Abubakar take, Hafsa bintu Umar, Safiyya bintu Huyay duk da mahaifinta Bayahude ne. Hadiza Bala Usman ta riƙe hukumar tashoshin jiragen ruwa da sunan mahaifinta ba abin da ya ragu. A yadda aure yake mutuwa a garuruwanmu kuwa, Allah Ya kyauta, na san wadda sunan mijin farko ne a BVN ɗinta, na biyu a katin wajen aiki, ita kuma yanzu tana gidan na uku, kuma duk lokacin da za ta cire kuɗi a kantar banki sai ta sa hannu a ƙarƙashin sunan mutumin da ko gaisawa ba sa yi.